Abednego Mai Tambari da Jar Riga Mai Lamba Tara

Kafin 'yan keke su fara hayaniyarsu a bakin tashar Jambutu, za ka ji ana jan wata ƙofar langa-langa. Abednego ne ya iso. Shekara ashirin da takwas ina zaune da tukunyar kunun gyaɗata daura da shagonsa, ban taɓa ganin ya canza tsari ba. Zai share gaban shagonsa, ya haɗa har da gaban nawa ko ban roƙe shi ba. Zai fito da katakansa masu raga, waɗanda yake zuba wa fenti ya ja, hoto ya fito a jikin riga, ya jera su a rana. Sai ya ƙetaro da kofinsa.

"Dada Naja, a waali jam?"

"Jam. Miƙo kofin, kar ka ɓata mana Fulatanci da sassafe."

Iyakar Fulatancinsa ke nan, mutumin Numan ne. Dada Naja kuwa, wato uwar Naja, haka ake kirana. Ya sha kunu a tsaye, ya koma ya duƙufa, ba ka ƙara jin bakinsa sai azahar.

Sunana Asta. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata Malama Hafsah ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa. Ta ce in rage zafi don mutane za su karanta. Na ce rubuta yadda ya fito, ai don su karanta ɗin nake yi. Wannan bawan Allah ya rufe shago a ƙarshen watan jiya saboda idonsa ya gaji, kuma ba zan bari ya tafi gida shiru ba. Shi ya dawo mini da ɗana, shi ya dawo wa ɗana da sunansa.

Da hular kwano ya fara, zamanin da acaɓa ke yawo a Jimeta. Ni ban san garin da Chelsea yake ba, amma na san zakinsu shuɗi ne, don na sha ganin ana faɗa a kansa a gaban tukunyata. Ɗan acaɓa zai zo ya ce shi ɗan Chelsea ne, amma tasharsu kore da rawaya ake sawa. Abednego ya zana masa zakin kore. Wani ya ce igwar Arsenal yake so, amma ba ya son ja don matarsa ta ce yana kama da motar kashe gobara. Ya yi masa igwa ruwan goro. Samari su taru suna dariya: "Oga Abed, wane irin zaki ne kore? Ciyawa yake ci?" Ya ce, "Zakin Binuwai ne, da damina aka haife shi." Da aka hana acaɓa a gari, hulunan suka koma maƙale a ƙusa, shi kuma ya koma kan rigunan ƙwallo. Babu wata ƙungiyar unguwa daga Jambutu har cikin Yola da ba ta sa tambarin hannunsa ba.

Yana da wata al'ada da mutane suka ɗauka taurin kai ne. Ba ya buga wa ƙungiya riga sai ya shimfiɗa farin alawayyo ya buga tambarinsu a kai kala huɗu ko biyar, a jere. A taru a zaɓa. Wanda aka zaɓa, kyaftin da koci su tsoma babban yatsa a fenti su dangwala a ƙarƙashinsa, shi kuma ya rubuta rana da wata da abin da aka yi. Dalili, ya gaji da samarin da za su zaɓi kore ranar Litinin, su dawo Juma'a su rantse shuɗi suka ce. Ƙyallen kuwa ba ya yarwa. Ya naɗe ya jefa cikin wani tsohon akwatin ƙarfe. Matarsa Selina ta sha cewa, "Wannan tarkacen naka gidan ɓeraye kawai yake." Ya ce a bar masa.

Ɗana Najmuddeen, da ake ce wa Naja, bakanike ne, keke yake gyarawa. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar unguwarmu, 'yan Dorina. Abednego ya zana musu dorina ta buɗe baki ta danne ƙwallo. Ranar zaɓen kala ina nan ina kallo. Suka ce korar kamar kwaɗo ya ƙoshi, ruwan tokar kamar jaki ya kumbura. Suka tsaya kan jar riga da dorina rawaya. Kowa aka buga masa sunansa da lambarsa a baya. Na ɗana, NAJA, lamba tara.

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, kowa ya san yadda Yola ta cika. Mutane sun zo da ƙafa, wasu da ɗan zanin da ke jikinsu kawai. Masallaci da coci aka yi shelar a kawo tufafi. Na ba da zannuwa biyu. 'Yan Dorina suka ce su ma za su ba da jajayen rigunansu duka, su yi sababbi. Kocinsu Salihu ya tara su a buhu ya biyo ta shagon. A gabana Abednego ya ce masa:

"Koci, bar mini buhun nan zuwa gobe in shafe sunayen. Riga mai suna ba a kyautar da ita haka."

Salihu ya ce, "Haba Oga, mutane tsirara kana zancen fenti? Wa zai tsaya karanta baya?"

Ya ɗora buhun a keke ya kai sansanin 'yan gudun hijira. Washegari suka zaɓi sabuwar kala, shuɗiyar riga da farar dorina. Naja ya dangwala, Salihu ya dangwala. Abednego ya rubuta kwanan wata, ya ƙara a gefe cewa tsofaffin jajaye an kai wa 'yan gudun hijira.

Da damina ta zagayo sai wani hoto ya fara yawo a wayoyi. Wani ƙauye ne can arewa da aka ƙona. Mutum ya rufe fuska da rawani, bindiga a kafaɗa, ya juya baya. Jar riga. NAJA, lamba tara. Yadda rigar ta je jikin wannan la'ananne, ko sata ya yi, ko a jikin wani ya cire, Allah kaɗai ya sani. Ni dai na san da hantsi ɗana yana ƙarƙashin keke da sifana a hannu, jami'ai suka jawo shi ta ƙafa suka jefa a mota. Takalminsa ɗaya aka kawo mini.

To, nan fa na ga halin maza. Mutum goma suka buga ƙwallo da shi, kowannensu ya cire tasa jar rigar da hannunsa ya sa a buhun nan. Na bi su gida-gida. Wani uwarsa ta ce ya yi tafiya, alhali ina ganin ƙafarsa ta ƙarƙashin labule. Suka kwashi shuɗayen rigunansu suka ƙona a bayan gida, har unguwa ta ɗauki warin roba. Na je wurin Salihu na durƙusa masa, ni da na girmi uwarsa. Ya kalli sama ya ce, "Dada, ni ban san zancen wani buhu ba." A gaban mutane ya faɗa, da ƙarfi, don kowa ya ji ya wanke kansa.

Tukunyata da take ƙarewa kafin rana ta yi zafi, sai ta kai la'asar a cike. Mata su ja hannun 'ya'yansu su ƙetare titi. Aka sa mini suna, uwar mai lamba tara. Mutum ɗaya ne bai fasa ƙetarowa da kofinsa ba. Ya ma daina sha a tsaye, ya jawo benci ya zauna inda duk mai wucewa zai gan shi.

Ranar Litinin ta farko Abednego bai buɗe shago ba. Ya fito da ƙyallen 'yan Dorina ya naɗe a hamata, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Selina ta riƙe masa hannu a bakin titi tana cewa, "Kai ka zana dorinar nan, kai za su fara riƙewa! Ka manta kana da 'ya'ya?" Ya ce, "Ni na buga sunan yaron da hannuna. Idan na yi shiru, ni na kai shi." Bai ce mini in biyo shi ba. Ni na bi shi.

Ba zan faɗi sunan ofishin ba, Malama Hafsah ta ce kar in jawo mata. An bar mu a rana daga safe har yamma. Litinin ta biyu haka. Ta uku aka shigar da shi shi kaɗai, ya fito da leɓe a kumbure, bai gaya mini abin da ya faru ba har yau. Ta biyar wani ya karɓi ƙyallen ya juya shi ya ce, "Baba, wannan ai kai ka rubuta, ko jiya za ka iya rubutawa. Ina wanda ya ga an kai rigunan sansani? Kawo ɗan ƙungiyar ko ɗaya."

Ko ɗaya ɗin ne babu.

A hanyar komawa na yi ta tsine wa 'yan Dorina ɗaya bayan ɗaya, har da kakanninsu. Da muka zo gada sai ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Dada Naja, riga goma sha ɗaya na buga. Ɗaya ce a hoton. Sauran goman suna jikin mutane."

Kai ne ka bar aikinka ka shiga neman jajayen riguna a cikin dubban mutane, Abednego. Kai ne ka bi sansani tanti-tanti da hoton dorina a kwali kana tambaya, ana yi maka kallon mahaukaci. Kai ne ka bi igiyoyin shanya a gidajen da aka sauki baƙi, har wata mata ta biyo ka da muciya ta zata ɓarawon wanki ne. Yawancin mutanen sun riga sun koma garuruwansu, hanya kuma ba ta biyuwa, amma ba ka ce to shi ke nan ba. Wata huɗu kana yi. Masu kawo maka aiki suka koma wurin wasu. Fenti ya bushe a gwangwani.

A Ngurore ya samu ta farko. Yana cikin mota ya hango ja a tsakiyar gonar masara, ya buga wa direba ihu ya tsaya. Mutum-mutumi ne aka sa wa don korar tsuntsaye. Lamba huɗu. Mai gonar ɗan gudun hijira ne da aka ba shi aron fili, ya ce a sansani aka ba shi, ta yi masa kaɗan. Shi ya nuna masa wata tsohuwa mai suna Kaltume, 'yar wajen Madagali, da ke tsince gyaɗa a can gaba. Ita ta samu rigar mai tsaron gida, mai dogon hannu, lamba ɗaya, tana ɗaura zani a kanta. Ta ce duk duniya ba ta da rigar da ta fi ta ɗumi.

Ya ɗauko su su biyu har ofishin. Ranar aka shigar da mu gaban wani babba mai furfura a gashin baki. Kaltume ba ta jira an ba ta izini ba. Ta juya masa baya ta nuna lambar ta ce:

"Ɗan nan, ka ga wannan? Cikin buhu aka kawo mana, wani mai usur a wuya ya raba. Kowa ya wawuri tasa. In rigar ce laifi, to ga ni cikinta, ni ma ku rufe ni. Sai dai ku sani ba na cin abinci mai yaji."

Babban ya danne dariya. Ya shimfiɗa ƙyallen a tebur, ya ɗora rigar mutum-mutumin a gefe, ya daɗe yana kallo. Ya sa aka je aka ɗauko zanen yatsan Naja aka gwada da na jikin ƙyallen. Ya tambayi Abednego, "Me ya haɗa ka da matar nan? Ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba." Ya ce, "Kununta nake sha, Oga."

Duk da haka sai da aka ƙara wata shida. Wata goma sha ɗaya cif ɗana ya yi a hannu. Ranar da ya fito ban gane shi ba sai da ya ce "Dada." Gwiwarsa ta hagu ba ta miƙewa. Abednego ne ya goya shi daga keke zuwa ɗaki, tsoho ya goyi saurayi.

Na zata an gama. Ashe sakin mutum daban, wanke shi daban. Takarda sun ba shi, amma wa ke karanta takarda a unguwa? Aka ce ai hanya aka bi. Aka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Masu keke suka daina kawo masa gyara sai baƙin da ba su san shi ba. Ya nemi aure sau biyu, sau biyu ana zuwa bincike a dawo a ce a yi haƙuri. Shekara tara muna haka. Salihu kuwa ya yi ƙiba, ya zama shugaban gasar unguwanni, yana wuce ni yana cewa "Dada, ina gajiya?" kamar shi bai san inda gajiyar ta fito ba. Ni ban taɓa amsa masa ba. Abednego shi ma bai ƙara yi masa maganar ba, sai dai tun daga lokacin ya kafa doka: duk mai kyautar da rigar ƙwallo ya kawo a shafe sunan tukuna, ba ya karɓar komai.

Bana ido ya ƙi. Ya fara haɗa shuɗi da kore, ga kuma yara masu bugawa da kwamfuta sun cika gari. Ya ce zai rufe. Selina ta ce to tarkacen akwatin nan ba zai shigo mata gida ba. Sai ya ɗaura igiya daga shagonsa har kwanar tasha, ya shanya ƙyallayen shekara da shekaru, ya ce kowace ƙungiya ta zo ta ɗauki nata.

Jama'a, ban taɓa ganin taro irin wannan a layinmu ba. Magidanta masu tumbi suna neman yatsunsu na zamanin samartaka, suna ihu, "Ga nawa! Wallahi ni na zaɓi wannan, ga mikiyarmu ruwan hoda!" Na 'yan Dorina yana tsakiya, daidai ƙofar shagon. Ban san ko da gangan ya sa shi nan ba, ban tambaye shi ba. Masu karatu suka tsaya suna karantawa da ƙarfi: tsofaffin jajaye an kai wa 'yan gudun hijira. Ga kwanan wata. Ga yatsan Naja. Ga wani faffaɗan yatsa a gefe, an rubuta Koci Salihu. Sai ka ga mutum ya karanta, ya juyo ya kalle ni, ya sunkuyar da kai.

Bayan kwana biyu Salihu ya zo da kansa. Ya ce, "Oga Abed, na zo ɗaukar namu. Muna so mu tayar da ƙungiyar da sabon suna, a yi mana shaho."

Abednego ya ce, "Ƙyalle na kyaftin ne, ba na koci ba. Shaho kuma je wurin masu kwamfuta, minti goma za su yi maka. Ni dorina na iya. Dorina ba ta yi wa kowa laifi ba."

"To me kake so in yi?"

"Ni ba komai. Ga mai so can tana dama kunu."

Ya ƙetaro. Na ɗauki ludayi na riƙe. Ya durƙusa ya fara "Dada, ki yi..." Na ce, "Tashi, ƙasar nan ba ta yi maka komai ba. A gaban mutane ka ce ba ka sani ba, a gaban mutane za ka ce ka sani."

Ranar Asabar bayan la'asar aka buɗe gasar a filin unguwa, an cika maƙil. Salihu ya karɓi lasifika yana ta ƙunƙuni kamar mai ciwon haƙori. Na miƙe daga cikin mata na ce, "Ɗaga murya! Ranar da ka yi musu ai har Doubeli an ji ka!" Fili ya ɗauki dariya.

Salihu ya ɗaga murya ya ce, "Ni na tara rigunan. Ni na kai su sansani, ni na raba. Ta Najmuddeen tana ciki. An ce mini in bari a shafe sunaye na ƙi. Da aka kama shi tsoro ya rufe mini baki. Yaron nan bai taɓa riƙe bindiga ba. Ni na cuce shi, ku shaida."

Ban yi guɗa ba, ban yi kuka ba. Zama kawai na yi a ƙasa. Wani abu da ya tokare mini ƙirji shekara goma na ji ya sauka, har na ji yunwa. Mutane suka yi layi suna ba Naja hannu. Uku daga cikin tsofaffin abokan wasansa suka fito suka tsaya bayansa. Sauran bakwai ɗin ban gan su ba. Na san ƙofofinsu, su ma sun san tawa, kuma ina nan ban mutu ba. Kar su turo gaisuwa, su zo da bakinsu.

Sai yara, sababbin 'yan Dorina, suka shigo fili sanye da aikin Abednego na ƙarshe. Tsohuwar kalar ce ya juya: rigar ta koma rawaya, dorinar ta koma ja. Selina ce ta zauna gefensa tana gaya masa wane gwangwani ne wane, don idonsa ba ya rabewa. Naja suka ba usur, shi ne kocinsu yanzu. Na ji shi yana yi wa alƙalin wasa ihu, "Malam, ido ne da kai ko maɓalli?" Rabon da in ji muryarsa ta kai haka, tun kafin a kama shi.

Abednego, mai farce ba ya rabo da fenti, mijin Selina, ba ni da abin ba ka. Ba ni da gona, ba ni da saniya, ba ni da ɗan da zai sa a kira sunanka a rediyo. Bakina kawai nake da shi, ga shi na buɗe. Mi yetti. Na gode, na gode, Allah ya saka maka, ya bar maka sauran hasken idonka ka ga jikokinka. Kai ba soja ba, ba lauya ba, ba mai unguwa ba. Ka san abu ɗaya na gaskiya, ka ɗauke shi a hamata ka yi ta kai wa har aka karɓa.

Ku kuma masu karantawa, ban ce ku koyi zanen dorina ba. Kowannenku ya san wata gaskiya game da wani da ake zagi a unguwarsu, yana zaune a kanta don kar a ce da shi. Ku tashi ku faɗa. Ɗana ya samu sunansa, alhamdu lillahi, na huta. Amma yana tsaye ne a bakin layi da gwiwa ɗaya, yara na gudu a gabansa. In za ku faɗi gaskiyar mutum, ku faɗe ta tun yana da ƙafar buga ƙwallo.